Murhun Alhaji Tanko da Koriyar Waya

Ko duk abin da ya same ni a samartaka zai gushe daga kaina, ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka kunna sabon murhun lantarki a gidan Alhaji Tanko na Gwarzo ba. Na yi ƙoƙarin mantawar, Allah ya sani. Mutanen gari ne ba su ba ni haɗin kai ba.

Lokacin saura 'yan shekaru Turawa su tattara nasu ya nasu. Alhaji Tanko ubangidana ne, babban mai sayen gyaɗa, wanda manoma tun daga Madadi har ƙauyukan Kabo suke kawo wa kaya a kan jakuna. Ya sayi wani tsohon gida a bakin hanyar Kano daga hannun wani Kwara, wato Balaraben Sham, da ya tsufa ya koma ƙasarsu. Gidan dutse ne mai rufin kwano, bangonsa da kauri kamar ganuwa. Abin da ya raba shi da kowane gida a ƙasarmu shi ne wani ƙaton inji mai shan baƙin mai da ke bayan gida. Shi ke juya injin ɓarar gyaɗa, shi ke ba gidan wutar lantarki. Mai kula da wannan inji kuwa ni ne.

Ban yi boko ba. A hannun Kwaran nan na koyi aikin, da kallo da shan ranƙwashi. Na iya tayar da inji, na iya zuba masa mai, na iya canza ƙwan lantarki, in fiyus ya tsinke kuma na san dabarar da nake yi masa. Iyakar ilimina ke nan, amma a Gwarzo ta wancan zamani ya ishe ni sarauta. Injiniya ake ce mini. In na shiga kasuwa da baƙin mai a hannu (da gangan nake ƙin wankewa, yau dai na faɗa) sai ka ji ana "Injiniya, barka da aiki." Fitilar da ta lalace, keken ɗinki, kwaɗon da makullinsa ya ɓata, duk wurina ake kawowa. Akwai tsohuwar da ta taɓa jawo mini akuyarta mai tari, wai in duba.

To, a ɗakin girkin gidan akwai wani tsohon murhun lantarki da matar Kwara ta bari. Baba Audu, kukun da Alhaji ya gada tare da gidan, a kansa yake dafa wa baƙi shayi da gasa burodi. Rannan murhun ya yi wani tari, ya fitar da hayaƙi mai warin ƙonannen gashi, bai sake motsi ba. Alhaji mutum ne mai son a ce shi ne na farko a komai, don haka ya sayo sabo daga wani kanti a Kano. Da mota ta sauke shi aka fasa akwatin, sai ga abu fari fat kamar ƙwai, da baki huɗu a sama, da ɗan ɗakin gashi a ƙasa. Na naɗe hannun riga, na ce a matsa a ba ni wuri.

Alhaji ya ce, "Dakata tukuna. Mai kantin ya ce kada kowa ya haɗa shi sai wanda ya yi karatun abin. Na aika Gude a kirawo ɗan'uwanka Buba, an ce ya zo ganin gida."

Sai na ji kamar an ɗura mini ruwan barkono ta hanci.

Buba ɗan kawuna ne, wato taubashina. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka tun muna yara "bawana" yake ce mini. Mutanen Gude ne, Fulanin da suka zauna suka rungumi noma, suna ɗan kiwo a gefe. Na girme shi. Ni na koya masa hawan jaki, ni nake share masa majina in mun je kiwon maruƙa. Ranar da aka matsa wa Kawu ya ba da yaro ɗaya a kai makarantar elemantare, Buba aka tura, yana kuka muna yi masa dariya. Ni na fi kowa dariya. Daga can aka wuce da shi Kano koyon aikin lantarki, muka daina jin ɗuriyarsa sai da salla.

Washegari sai ga shi a kan sabon keke, yana kaɗa ƙararrawa tun daga nesa ba tare da akwai kowa a gabansa ba. Kaki a jikinsa sama da ƙasa, an goge shi har yana ɗaukar ido. Agogo a hannu. Fensir a bayan kunne. A bayan keken an ɗaure wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo, cike da kayan aikin da ban taɓa gani ba. Ni kuwa duk kayan aikina sufana biyu ne da wata tsohuwar wuƙa, a cikin jakar fata.

Ya ce, "A'a, bawana! Kana nan kana shan hayaƙi?"

Na ce, "Muna nan, mai kiwon maruƙa." Na yi dariya, amma iyakarta haƙora.

A gida ma ban tsira ba. Inna, wadda rabon da ta yanka mini kaza tun ina jinyar shawara, ta sa aka kama zakaranta mafi girma saboda ɗan ƙanenta. Matata Asabe, da ba mu daɗe da aure ba, ta kai masa ruwa zaure ta dawo tana cewa, "Malam, ka ga agogon Yaya Buba? Wai ko a duhu ana ganin hannunsa." Na ce mata agogo ba ya hana mutum makara. Ta ce, "Kuma da ya yi atishawa, wani farin ƙyalle ya ciro daga aljihu." Na ce ta ba ni tuwo in ba za ta hana ni ba.

Da muka shiga ɗakin girki, mu uku da Alhaji, Buba bai ko kalli murhun ba. Bango ya nufa. Ya taɓa tsohuwar wayar da ta bi jikin bangon, sai zanen da aka naɗe ta da shi ya marmashe a hannunsa kamar busasshen ganye. Ya girgiza kai. Ya wuce akwatin fiyus ya buɗe. Sai ya sa filaya ya zaro wata ƙusa, ya ɗaga ta sama.

Ya ce, "Wane mai hikimar ne ya sa wannan?"

(Dabarar da na ce ina yi wa fiyus ke nan. Siririyar wayar cikinsa ta cika tsinkewa tana ba ni wahala, sai na musanya ta da abin da ba ya tsinkewa.)

Na ce, "Aikin Kwara ne."

Ya jujjuya ƙusar ya ce, "Ikon Allah. Ashe Kwara ma a wurin maƙeran Gwarzo yake sayen ƙusa."

Alhaji ya kalle ni ta gefen ido. Ni kuma na sami wani abu mai ban sha'awa a rufin ɗaki na tsura masa ido.

Daga nan Buba ya juya murhun ya nuna wa Alhaji wayoyi uku da suka fito daga bayansa. Ya ce jar ita ke kawo wuta, baƙar ita ke mayar da ita, koriyar kuwa ta ƙasa ce. Ya ce gidan tsohon haɗi ne, waya biyu kawai aka ja, ga su sirara, ga tsufa, ba za su iya ɗaukar wannan murhu ba. Sai an ja sabuwar waya mai kauri tun daga akwatin fiyus, an yi wa murhun makunninsa shi kaɗai. Sannan a haƙa rami a bayan ɗakin, a kafa sandar jan ƙarfe, a zuba gawayi da gishiri, a jiƙa da ruwa, a ɗaura koriyar a jiki.

Alhaji ya ce, "Amfanin me?"

Ya ce, "Alhaji, jikin murhun nan duk ƙarfe ne. In wata rana wuta ta kuɓuce a ciki ta hau jikinsa, hanyar shiga ƙasa za ta nema. In ta sami koriyar nan sai ta bi ta, fiyus ya tsinke, shi ke nan an huta. In ba ta samu ba, duk wanda ya taɓa shi ne hanyarta."

Nan na ga ƙofa ta buɗe mini. Na fashe da dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Gawayi da gishiri! Ranka ya daɗe, saura baƙin bunsuru da farin ƙyalle. Ashe bokanci aka tura shi koya a Kano. Tsohon murhun nan shekara da shekaru yana aiki, wa ya taɓa ba shi gishiri?"

Na jira Alhaji ya taya ni. Bai taya ni ba. Cewa ya yi, "Injiniya, abin da ka ce shi za a yi." Na buɗe baki zan yi godiya, sai na ga ashe Buba yake kallo. Da ya juyo kaina kuwa, da sunana na yanka ya kira ni, ya ce in riƙe wa Injiniya akwatinsa.

Wannan suna da aka ɗauke daga kaina aka ɗora wa yaron da na share wa majina, shi ya hana ni sakat. In na ji ƙararrawar keke, ko ta mai sayar da kananzir ce, sai gabana ya faɗi. Na je wurin telan bakin kasuwa a ɓoye na ce ya ɗinka mini kaki irin na Buba. Bai taɓa ɗinka irinsa ba, yadin kuma bai isa sosai ba, sai ya fito a matse, in na sunkuya sai na riƙe numfashi. Na sayi fensir ma, ni da ko alif na boko ban iya ba.

Waya mai kauri da sandar jan ƙarfe babu su sai a Kano, dole Buba ya tafi ya sayo. Alhaji kuwa bakinsa ya riga ya yi gaba, ya gayyaci manyan gari su zo bayan sallar Juma'a su sha shayin da aka dafa ba da itace ba. Buba ya yi alkawarin dawowa kafin nan. Da zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce, "Bawana, ban da wasa, kada ka taɓa murhun nan sai na dawo." Na ce, "Me zan yi da shi?"

Juma'a ta zo, hantsi ya dubi ludayi, babu Buba babu labarinsa. (Ashe motar da ya shigo ce ta lalace a hanya. Da na ji daga baya ban yi mamaki ba. A lokacin dai, in faɗi gaskiya, ban yi wa motar addu'ar lafiya ba.) Alhaji ya kasa zaune ya kasa tsaye, yana ta leƙen hanya yana tsaki.

Na matsa kusa na durƙusa. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaran zamani ke nan. Ga manya an gayyato. In ka ba ni izini, kafin a sauko daga masallaci ruwa na tafasa."

Ya ce, "Za ka iya? Ka ji fa abin da ya ce."

Na ce, "Alhaji, wa ya riƙe maka wutar gidan nan tun da ka saye shi? Su na takarda dole su tsawaita magana don a san sun yi karatu."

Ya sake leƙa hanya, ya ce, "To, yi a hankali."

Na ruga gida na tsuke cikin kakina, na soke fensir a bayan kunne. Har na fito na koma, na ce wa Asabe ta aika wa mahaifinta, in an sauko daga Juma'a ya biyo ta gidan Alhaji ya sa albarka. Ku lura da kyau, ba wanda ya gayyaci surukina sai ni da bakina. Malam Isa limami ne a Madadi, dattijo mai farin gemu da ƙarancin magana. Tun da na auri 'yarsa idona bai taɓa wuce idon sawunsa ba. In na hango shi a hanya, gona nake faɗawa ko ta waye. Amma ranar so nake ya koma gida ya ce wa iyalinsa, "Ashe mijin Asabe ba ƙaramin mutum ba ne."

Na kashe inji, na durƙusa a bayan murhu. Wayoyi biyu daga bango, uku daga murhu. Na haɗa ja da ja, baƙa da baƙa, sai ga koriya tana lilo ita kaɗai tana kallona. Na yi tunanin in datse ta, na ce a'a, dukiyar Alhaji ce, Bature kuma ba ya sa abu a banza. Sai wata hikima ta sauko mini. Na ce tunda ja ce mai kawo wuta, in na haɗa mata koriya ta taya ta ɗauka, ai wuta za ta ninka, shayi ya tafasa kafin a gama gaisawa. Na murɗe su wuri ɗaya, na naɗe da tsumma. Na mayar da ƙusata gidanta. Har ina tausayin Buba da aka yi shekaru ana koya masa abu bai gano wannan ba.

Na tayar da inji na murɗa makunni. Ba a jima ba bakin murhu ya yi ja. Na yi tsalle. Takalmin taya ne a ƙafata, daɓen kuma a bushe, saboda haka da gwiwar hannuna ta gogi jikin murhun, ɗan tsam kawai na ji kamar cizon tururuwa. Baba Audu da ke gefe yana tuƙa tuwon baƙi a murhunsa na itace ya ce, "Ɗan nan, na ga ka zabura. Cizo yake yi?" Na ce, "Sabunta ce, Baba. Sabon takalmi ma yana cizo." Ya ce shi dai ba zai taɓa ba. Da muka tafi masallaci sai ya ɗebo ruwa ya wanke daɓen tas, saboda manyan baƙi.

Aka sauko daga Juma'a, ɗakin girki ya cika. Ga abokan cinikin Alhaji da manyan riguna, ga wani dagaci da ya zo daga wajen Kabo, ga malamin asibiti, ga masu leƙe ta taga. Aka kawo kujera aka ajiye wa Malam Isa a gaba, daidai saitin murhu. Ina zuwa bakin ƙofa na gan shi, sai na tuɓe takalmina, kamar yadda duk mai tarbiyya zai yi. Na shiga a sunkuye, ƙafa ba komai, a kan jiƙaƙƙen daɓe. Na gaishe shi ina kallon ƙasa, kaki na neman raba ni da numfashi.

Alhaji ya ce, "To, Injiniya, bisimilla."

Sunana ya dawo! Da na tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma sai na ga ai dole in yi jawabi. Na ciro fensir ina nuna sassan murhu da shi. Na ce nan wuta ke shiga, nan take zagayawa, nan take hutawa. Na jefa wata kalma da na taɓa ji a bakin Kwara, wadda na ɗauka Turanci ce (malamin asibiti ya gaya mini daga baya zagi ne da Larabcinsu). Na rufe da cewa, "Wasu sai sun je Kano sun sayo gishiri da gawayi kafin su dafa shayi. Mu nan Gwarzo da basira muke aiki." Aka yi dariya. Wannan dariya ta fi mini zuma daɗi.

Na ɗauko ƙatuwar butar shayi ta ƙarfe, cike da ruwa. Na ɗaga ta sama kowa ya gani. Na ɗora ta a kan murhu.

Jama'a, na sha harbin kunama, jaki ya taɓa shurina a ƙirji, amma duk wasan yara ne. Wani abu ya shiga ta tafin hannuna ya bi ƙashi ya fita ta tafin ƙafa, ya dawo ya sake bi. Haƙorana suka kama kaɗawa. Na ce wa hannuna ya saki buta, ya ƙi, sai ma ƙara damƙewa yake. Ƙafafuna suka shiga wata rawa da ban taɓa koya ba. Fensir ya yi tsalle ya bar ni. Abin takaici, da farko ba wanda ya gane. Ina ji dagacin nan yana cewa, "Madalla! Har da taka rawa?"

Sai bakina ya buɗe da kansa. Kuna zaton salati na yi, a gaban limami, ranar Juma'a? Ina! Abin da ya fito da dukkan ƙarfin muryata shi ne, "Buba! Wayyo Buba! Buba ka zo!"

Baba Audu ne ya cece ni. Ya zaro muciya daga tukunya, da tuwonta da komai, ya maka mini a dantse iya ƙarfinsa. Buta ta yi gabas ta juye a kan rigar dagaci. Ni na yi yamma. Na ji wani dogon ƙara, fyaaat, kakina ya rabe daga ƙugu har ƙasa ta baya. Na faɗa kan wani abu mai taushi mai ƙanshin turare, na ƙanƙame shi da hannu biyu, na cusa fuskata ciki ina haki ina cewa, "Inna, na mutu, Inna."

Da hankalina ya fara dawowa sai na ji gashi a bakina. Na buɗe ido. Gemu ne, fari. A kan cinyar Malam Isa nake zaune, hannuwana a wuyansa, rawaninsa ya warware rabi a kansa rabi a kaina. Ranar na fara ganin ƙwayar idon surukina, kuma daga kusa ƙwarai.

Ban gama shan wannan ba aka kama ihu, "Hayaƙi! Hayaƙi!" Tsohuwar wayar bango ce ta kama ci, ƙusata kuwa ta tsaya kan aikinta ta ƙi tsinkewa. Alhaji yana ta cewa a kashe inji. Duk ɗakin mutum ɗaya ne ya san yadda ake kashe shi, shi kuma yana kan cinyar liman ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Ana cikin haka sai muka ji ƙugin injin ya yi ƙasa, ya mutu. Ɗaki ya yi tsit. Sai ga Buba a bakin ƙofa, nannaɗaɗɗiyar waya a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa kaki, yana haki.

Ya ce, "Tun daga bakin hanya na ji ana kirana."

Sai Malam Isa ya yi gyaran murya, ya ce da ni a hankali, "Malam, in ka gama, ina bukatar ƙafata."

Na sulale ƙasa. Na so daɓen ya tsage in shige, ya ƙi. Baba Audu ya cire zanen da yake ɗaurawa a ƙugu ya rufa mini a baya.

Buba ya watsar da wayar ya durƙusa gabana. Ya buɗe tafin hannuna, inda mariƙin buta ya bar mini tambari, ya kira malamin asibiti ya duba. Sannan ya leƙa bayan murhu. Na ga lokacin da ya warware tsumman, ya ga ja da koriya a murɗe kamar igiya. Ya ɗago ya dube ni. Na rufe ido ina jiran ya ɗaga ta sama yadda ya ɗaga ƙusa.

Alhaji ya ce, "Me ya faru ne, Buba?"

Buba ya sa filaya ya raba wayoyin da sauri, ya ce, "Wayar gidan ce ta tsufa, Alhaji, kamar yadda na faɗa. Allah ya kiyaye. Gobe in sha Allahu za a sha shayi."

Wallahi wannan rufin asiri ya fi mini wutar ciwo. Da ya tona ni, da na sami abin riƙewa, in yi shekara ina cewa yaron nan ba shi da mutunci. Sai ya bar ni da ƙyashina a hannu, ba inda zan ajiye shi. Sai da muka keɓe a ɗakin inji ya cakumi wuyan abin da ya saura na kakina ya ce, "Kai mahaukacin ina ne? Da ka mutu me zan gaya wa Gwaggo?" Idonsa ya kawo ruwa. Ni ko a wannan hali, sai da na saci kallon agogonsa.

Rufin asirin bai yi nisa ba, domin Baba Audu ya ga komai, kuma kafin la'asar ya kai labari har mahauta. Da na isa gida Asabe ta riga ta ji. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, da ta ga hannuna kuma dariyar ta koma kuka. Inna kuwa ta shafa mini man shanu a dantsen da muciya ta kumbura.

Washegari ni na haƙa ramin, da hannu ɗaya da rabi. Ni na je kasuwa na sayo gishirin, mai gishiri yana tambayata ko na miya ne ko na Injiniya. Ni na riƙe tsani Buba yana jan sabuwar waya, yana yi yana nuna mini, ni kuma ina yi kamar na riga na sani. Da aka gama ya kunna, ya tuɓe takalmi, ya dafa murhun da tafin hannu a gaban Alhaji, ba abin da ya same shi. Aka ce in gwada. Na ce na yarda daga nan.

Alhaji bai kore ni ba, ya dai hana ni taɓa duk abin da ke da waya fiye da biyu sai Buba na nan. Sunan Injiniya ya bi ruwa. Wanda ya maye gurbinsa ya fi shi karko, don har na yi furfura in na ratsa kasuwar Gwarzo sai wani ya maƙale murya daga cikin rumfa ya ce, "Wayyo Buba!"

Malam Isa kuwa, Allah ya jiƙansa, bai taɓa tayar da zancen ba ko sau ɗaya. Sai dai tun daga ranar, duk sanda na je gaishe shi a Madadi, ina doso zaure zai miƙo sandarsa gaba ya ce, "Daga nan ma ina ji, Malam."

Ba zan yi muku ƙarya in ce na warke ba. Buba ya yi gaba, ya yi suna a aikinsa, ya je Makka kafin ni, kuma har yau in aka yabe shi a gabana sai na ji wani abu ya motsa a ƙarƙashin haƙarƙarina. Abin da na koya bai fi wannan ba: ƙyashi ba ya kisa muddin yana cikin ciki, sai ya sauko hannu. Saboda haka da na ji ya motsa, sai in ce "Allah ya ƙara masa," in nemi wuri in zauna a kan hannuwana har ya lafa. In kuma ya ci ƙarfina dole sai na yi wauta, to, aƙalla ba na aika wa surukai su zo kallo.